Dogon takobi ba ya ƙara wa injin yankan icce sauri

Mai sayen injin yankan icce a Maradi, ko wanda ya tsallaka Jibiya ko Katsina ya sayo, abin da ya fi ɗaukar idonsa shi ne tsawon takobin, wato faffaɗan ƙarfen nan da sarƙa take zagayawa a jikinsa. Masu shago sun san haka, shi ya sa za ka ga ɗan inji mai cc 52 an ɗaura masa takobi mai inci 22, an kuma rubuta lambar ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Mai saye sai ya ɗauka tsawo shi ne ƙarfi, ƙarfi kuma shi ne sauri. Lissafin injin bai yarda da haka ba, kuma asarar fetur da sarƙa da kuloci da wannan zato yake jawo wa masu sana'a ba kaɗan ba ce.

Gudun sarƙa abu uku ne suke yanke shi: yawan juyin da injin yake yi a minti, yawan haƙoran pinyon, wato ɗan faifan nan da ke haɗe da kuloci yana jan sarƙa, sai kuma girman gaɓar sarƙar. Tsawon takobi ba ya cikin ukun nan. A ɗauki sarƙa mai girman gaɓa 3/8, wadda manyan injuna suka fi amfani da ita. Tana da ƙafafu a ƙasanta masu shiga cikin kwarmin takobi, kuma daga wannan ƙafa zuwa ta gaba milimita 19 ne. Pinyon mai haƙori 7 yana tura ƙafa 7 a kowane juyi, santimita 13 da ɗan ɗori ke nan. In injin yana juyi 9,000 a minti lokacin da yake cin icce, ya yi 150 a sakan ɗaya, sarƙa kuwa ta yi tafiyar mita 20 a sakan. Ka ɗaura takobi mai santimita 40, mita 20 ne. Ka sauke shi ka ɗaura mai santimita 90, mita 20 ɗin ne dai, muddin juyin injin bai sauka ba. Haƙoran yanka suna zuwa ne ɗaya bayan kowace ƙafa biyu, wato kowane milimita 38, saboda haka haƙori sama da 500 ne yake wucewa ta bakin icce a kowane sakan, ko takobin gajere ne ko dogo.

Duk maganar tana rataye ne a kan wancan sharaɗi, cewa juyin injin bai sauka ba. Dogon takobi yana saukar da shi ta hanya biyu, ɗaya ƙarama, ɗaya babba, kuma mutane sun fi ambaton ƙaramar.

Ƙaramar ita ce nauyi da guga. Takobin kamfanin Stihl mai santimita 50 yana ɗaukar sarƙa mai ƙafa 72, tsawonta santimita 137. Mai santimita 90 yana ɗaukar mai ƙafa 114, santimita 217. Wannan ƙarin ƙarfe sai injin ya tayar da shi duk lokacin da aka taɓa wuta, kuma kowace ƙafa tana gugar kwarmi sama da ƙasa. Babban inji ba ya jin wannan sosai. In ka yanka gungume mai faɗin santimita 25 da inji mai cc 70, sau ɗaya da gajeren takobi, sau ɗaya da dogo, bambancin lokacin kaɗan ne, sai mai riƙe da agogo zai gane. Ƙaramin inji kuwa yana ji, domin abin da guga ta cinye kaso ne mai tsoka daga ɗan ƙarfin da yake da shi.

Babbar hanyar ita ce yawan haƙoran da suke cikin icce a lokaci ɗaya, kuma a nan ne ake yin asara. Ƙarfin injin ƙayyadadde ne. Stihl MS 381, mai cc 72, yana ba da kilowat 3.9, ba ya wuce nan komai aka ɗaura masa. A gungume mai faɗin santimita 30, haƙori kusan 8 ne suke cizo lokaci guda, kowanne ya samu kusan rabin kilowat. A mai faɗin santimita 60, haƙori 16 ne, rabon kowanne ya ragu da rabi. Injin nan har yanzu yana iya ja. To yanzu a dawo kan ɗan injin Sin mai cc 52, wanda ƙarfinsa bai wuce kilowat 2 da 'yan kai ba, da sarƙarsa ta .325 mai haƙora kusa da juna, kowane milimita 33. A icce mai santimita 25 haƙori 7 ko 8 yake ja, yana aiki lafiya lau. In aka nitsar da takobin inci 22, wato kusan santimita 56, gaba ɗaya a gindin dogon yaro, haƙori 16 ne a kansa, da rabin ƙarfin wancan babban. Ƙara wa amalanke tsawo ba ya ƙara wa jaki ƙarfi, sai dai ya sa mai shi ya ƙara lodi. Gajeren takobi yana hana mai aiki ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa, dogon kuwa yana gayyatarsa ya yi hakan.

Abin da yake biyo baya kunne yana jin sa kafin ido ya gani. Yawancin injunan nan sun fi ba da ƙarfi a wajen juyi 9,000 zuwa 9,500. Da lodi ya yi yawa sai muryar injin ta yi ƙasa, ta koma gurnani. Juyi ya sauka, gudun sarƙa ya sauka tare da shi, mai aiki ya ga yanka ba ya tafiya sai ya ƙara dannawa, juyi ya ƙara sauka. In ya gangaro kusa da 3,500 ko 4,000, kuloci yana fara sulɓewa, domin juyi ne yake buɗe takalmansa su kama kwanon da ke jan sarƙa. Sarƙa ta tsaya cak a cikin icce, injin yana kuka, takalman suna gugar kwano. Ka buɗe murfin gefe bayan irin wannan aiki, za ka tarar da kwanon kuloci ya yi shuɗi-shuɗi, robar da ke kusa da shi ta fara narkewa, famfon man sarƙa da ke bayansa ma wani lokaci ya tafi. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai ta gama. Fankar da ke sanyaya injin tana jikin sandar injin ne, gudunsu ɗaya. Injin da aka danne yana ƙona fetur da cikakkiyar wuta, iskar da ke sanyaya shi kuwa ta ragu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40, ga filtar iska ta toshe da ƙura, ba a daɗewa fistan yake karcewa ta gefen salansa.

Sai dai a yi wa dogon takobi adalci a wuri ɗaya. Jinkirin da ake gani a babban gungume ba duka laifinsa ba ne. Faɗi in ya ninka biyu, fuskar da za a yanka tana ninka huɗu: gungume mai santimita 30 fuskarsa murabba'in santimita 700 ce da ɗan ɗori, mai 60 kuwa ta haura 2,800. Ko da injin bai rasa komai ba, lokacin sai ya ninka huɗu. In ka ga ya ninka shida ko bakwai, ƙarin nan shi ne abin da dannewar injin da cushewar ɓarɓashi suka ci.

Ɓarɓashin ma yana da nasa labari. Kowane haƙori da ya cizo icce sai ya ɗauki abin da ya cizo ya bi da shi har bakin tsagar ya zubar. Wurin ajiyarsa ɗan filin da ke tsakanin haƙori da haƙori ne kawai. A siririn icce yana fita kafin wurin ya cika. A faffaɗan icce wurin yana cika tun tafiya ba ta yi rabi ba, sai haƙorin ya hau kan ɓarɓashi ya daina cizo, ya zama kaya kawai da injin yake ja. Ɗanyen icce mai danƙo ya fi yin haka. Saboda wannan ne ake yin sarƙa mai tsallake, wadda haƙorinta yake zuwa bayan kowace ƙafa uku a maimakon biyu. Haƙoran da ke cikin icce sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, wurin ɗaukar ɓarɓashi ya ƙaru, injin ya samu ya riƙe juyinsa. Amfaninta yana farawa ne daga takobi mai santimita 70 zuwa sama. A gajeren takobi da ƙananan rassa tana fizga tana tsalle, ba ta da daɗin aiki. Pinyon ma ana daidaita shi da takobi: mai haƙori 8 yana ƙara wa sarƙa gudu da kusan kashi 14 cikin ɗari a kan mai 7, amma yana rage ƙarfin ja da misalin haka. Babban inji da gajeren takobi yana jin daɗin 8. Dogon takobi 7 yake so.

Man sarƙa shi ne abu na gaba. Famfon man sarƙa an ƙera shi ne daidai da girman injin, yana tura mai ta wani ɗan rami a gindin takobi, ƙafafun sarƙa su kwashe su kai har hanci su dawo ta ƙasa, inda ake yankan. In tafiyar ta yi tsawo, man yana ƙarewa a hanya, wani ya watse a kwanar hanci, ƙasan takobi ya bushe. Alamarsa gefen kwarmi ya yi baƙi, sarƙa ta yi zafi ta miƙe ta riƙa lilo, kana ɗaurewa tana sakewa. Gwajin ba wuya: riƙe hancin takobi taƙi ɗaya daga busasshen kututture mai haske, ba da wuta na 'yan sakanni, ya kamata ka ga siririn layin mai ya fito a jikinsa. A ƙa'ida, tankin fetur in ya ƙare, tankin mai ya kusa ƙarewa shi ma. In fetur ya ƙare mai yana nan rabi, ko ramin ya toshe ko famfon ya gaza. Manyan injuna suna da ɗan dunƙulen sukuru a ƙasa na ƙara mai, kuma duk wanda ya ƙara tsawon takobi ya kamata ya buɗe shi. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda da yawa suke zubawa don arha, ba shi da danƙon da zai manne wa sarƙa, ga garin ƙarfe a cikinsa yana cin famfo da kwarmi. A gajeren takobi ɓarnarsa tana zuwa a hankali. A dogo kuwa ba ya ma kaiwa inda ake bukatarsa.

Dogon takobi yana da wurinsa. In gindin icce ya fi takobi faɗi, dole a yanka ta gefe biyu, a zagaya, a nemi tsagar farko, kuma in yankan biyu ba su haɗu daidai ba an ɓata lokaci da icce. Babban inji da takobin da ya ratsa gungumen a tafiya ɗaya ya fi sauri nesa ba kusa ba. Stihl MS 660, mai cc 91 da kilowat 5.2, don irin wannan aka yi shi, yana jan santimita 75 har 90 ba tare da muryarsa ta canza ba. Masu tsaga katako a tsaye, bin tsawon icce, su ma suna bukatar tsawo da ƙarfi, shi ya sa tsohon Stihl 070 mai cc 106 da sarƙar .404 bai bar hannunsu ba duk da nauyinsa. Juyinsa bai kai na sababbi ba, amma ba ya durƙusawa. Wani amfanin kuma, doguwar sarƙa tana raba aiki: mai ƙafa 72 tana zagayawa kusan sau 15 a sakan, mai 114 sau 9, saboda haka kowane haƙori ya fi daɗewa da kaifinsa. Amma ranar wasawa haƙori 57 ne a gabanka a maimakon 36.

Tambayar da ta dace ita ce, wane irin icce ake yankawa a nan? Yawancin aikin inji a Maradi da kewaye daddatsa iccen girki ne, irin wanda ake kawowa daga wajen Baban Rafi a yankin Madarunfa, da rage rassan dogon yaro da suka hau kan gini ko wayar wuta, da datsa iccen turare don gini, da kwashe iccen da iskar farkon damina ta kayar. Gonakin jihar sun cika da itatuwa tun da sassabin zamani, wato barin itatuwan da suka tsiro a gona su girma, ya kankama a shekarun 1980, amma abin da manomi yake cirewa daga jikinsu rassa ne, kaurinsu bai cika wuce cinya ba. Manyan gawo kuwa dokar gandun daji ta 2004 ta kare su, ba a taɓa su sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma haka ya kamata, domin gawo ɗaya a gona ya fi kuɗin iccensa. In aka duba duk wannan, iccen da ya haura santimita 40 a faɗi ba shi ne aikin kullum ba. Mai ɗauke da takobin santimita 63 yana yankan rassa masu kaurin hannu, nauyi kawai yake ɗauka. Injin yana rinjaya gaba, kafaɗa da baya suna gajiya tun hantsi, kuma gajiyayyen mutum yankansa ba ya sauri.

Ga kuma yashi, wanda shi ne babban maƙiyin sarƙa a ƙasarmu. Gungume yana kwance a ƙasa, takobi ya fi shi tsawo da taƙi biyu, mai aiki idonsa yana kan gindin takobi, hancin kuwa yana can gaba ya tsoma cikin rairayi. Sakan ɗaya ya isa. Sarƙar da ke zagayawa sau goma a sakan, kowane haƙori ya daki yashi sau goma, kaifin ya tafi gaba ɗaya. Wannan hancin da ya yi saura shi ne kuma yake taɓo reshe ko dutse a bayan gungume, kuma in kwatar sama ta hancin ta taɓa abu, injin yana harbowa sama wajen fuska kafin hannu ya ankara. Birkin sarƙa don wannan aka sa shi, kuma injin da birkinsa ya karye bai kamata ya fita aiki ba. A ɗora gungume a kan wani icce kafin a yanka. Busasshen iccen da gara ta shiga, a kankare ƙasar da ta lulluɓa masa da gatari a inda za a sa sarƙa. Sarƙa mai haƙori mai zagayayyen kusurwa ta fi jure ƙura da yashi a kan mai kusurwa a tsaye, ko da yake ta biyun ta fi sauri a icce mai tsabta.

Daidaiton da ya fi ba da sauri a aikace shi ne kamar haka. Inji mai cc 30 zuwa 35, irin Stihl MS 180, takobi mai santimita 30 zuwa 35. Mai 40 zuwa 45, santimita 35 zuwa 40. Mai 50 zuwa 60, santimita 40 zuwa 45, kuma nan ne injunan Sin masu lamba 5200 da 5800 suke, duk abin da kwali ya ce. Mai cc 70 ya fi jin daɗin santimita 50, yana iya jan 63 in bukata ta kama. Abin da ya wuce nan na masu cc 90 ne. In iccen mai tauri ne, kamar ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita, ko marke, ko bagaruwa da aduwa da suka bushe, a tsaya a ƙasan ma'aunin. Wanda yake da hali ya ajiye takobi biyu, gajere na kullum, dogo na ranar babban gindi. Wanda ba shi da hali ya tuna takobi mai santimita 45 yana iya raba gungume mai kusan 80 ta gefe biyu, kuma gara a sha wannan wahala jefi-jefi da a ɗauki nauyi kowace rana.

Wajen sauya takobi abu huɗu ne sai sun dace, kuma uku daga ciki a rubuce suke a gindinsa: girman gaɓa, wato .325 ko 3/8 ko .404, wanda dole ya zama ɗaya da na pinyon. Kaurin ƙafa, milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6, da yawan ƙafafu. Na huɗun shi ne tsagar da kusoshin injin suke shiga da ramin mai, domin takobin Stihl ba ya hawa injin kamfanin Husqvarna haka kawai. Sarƙa mai ƙafa 1.3 a kwarmin 1.6 tana kwanciya gefe, yanka ya karkace, takobi ya maƙale a tsakiyar icce. Sabuwar sarƙa a kan pinyon da ya ci ya wuce rabin milimita ba ta daɗewa take miƙewa.

Duk wannan lissafi na tsawo, dakusasshiyar sarƙa tana share shi. Ƙaramin inji mai kaifi yana barin babba mara kaifi a baya. Ka dubi abin da yake zubowa a kan takalminka: in ɓarɓashi ne manya-manya, haƙori yana cizo, in gari ne mai laushi yana tashi da iska, gugar icce kawai kake yi. Magagarin da ya dace milimita 4 ne ga ƙaramar sarƙar MS 180, 4.8 ga .325, 5.2 ko 5.5 ga 3/8 gwargwadon kamfani, a riƙe shi a kusurwar digiri 30, a yi wa kowane haƙori adadin shafa ɗaya domin kada na dama su fi na hagu tsawo. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori shi ne yake ƙayyade zurfin cizo, ya kamata ya zama ƙasa da bakin haƙori da milimita 0.65. Da yawa suna cinye shi da magagari don sarƙa ta ƙara ci. A gajeren takobi da babban inji za a ga kamar ta yi kyau, duk da fizgar da take yi. A dogon takobi kuwa kowane ɗaya daga haƙora 16 ɗin nan yanzu yana neman cizon da ya fi na da zurfi, sai injin ya durƙusa tun ba a danna ba.

Mai shakka ya gwada da kansa. A samu gungume ɗaya mai kauri iri ɗaya, a wasa sarƙoƙin biyu da hannu ɗaya, a bar injin ya ɗumama, wani ya riƙe agogon waya. A yi yanka uku da gajeren takobi, uku da dogo, ba tare da dannawa ba, a kafa faratan ƙarfen da ke gindin takobi a jikin icce a bar sarƙa ta ja kanta. Sannan a maimaita a gungumen da ya kusa cinye dogon takobin gaba ɗaya, a saurari muryar injin. In ta sauka ta ƙi dawowa sai an ɗaga hannu, takobin ya fi ƙarfin injin, a koma na ƙasa da shi.